A Bar Shi Ya Yi Karatunsa

Hindawiyya, Jidda
Farkon Fabrairu

Zuwa ga ɗana Mohannad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifiyarka A'i lafiya lau, ban da gwiwar nan da ka sani. Ƙanwarka Raghad ta ƙara tsawo, ta ƙara baki. Ni kawunka ina nan, gyaran rubutun mutane a maɗaba'a bai kashe ni ba tukuna.

Cikin alhini nake sanar da kai rasuwar mukayyif ɗin falo, na'urar sanyaya ɗakinmu, wanda ya cika ranar Talata bayan la'asar, bayan doguwar jinya da tari. Ya girme ka. Ya yi wa gidan nan hidima tun mahaifinka Yahya, Allah ya jiƙansa, yana da baƙin gashi. Bai taɓa neman hutu ba, bai kuma taɓa sanyaya kowa ba sai wanda ya zauna daf da shi. Ya bar fanka guda da rami a bango. Ana karɓar gaisuwa a falo, ga wanda zai iya zama.

Na tashi zan kira mai gyara, mahaifiyarka ta ce in bar wahala. Ta yi gaskiya, kuma nan ne labari na biyu yake. An zo an rubuta "izala" da jan fenti a bangonmu, kamar yadda aka rubuta wa duk layin. Ma'ana za a rushe unguwar, an ce kafin azumi. Hannun mai rubutun ba shi da kyau, amma ba a kawo min in gyara ba.

Mun samu shagga, wato ɗakunan haya a bene, a hawa na huɗu, can gabas bayan babban titi, inda za ka yi sallama a matattakala a amsa maka da kallo. Ɗakuna biyu ne. Ɗakin sama na nan gidan, wanda mahaifinka ya gina maka da hannunsa ranakun Juma'a bayan ya taso daga aiki a Madinar Masana'antu ta nan Jidda, ba ya shiga motar kaya. Na auna.

Ka taɓa ce min kuna da hutun mako guda a watan Maris, kuma tikitinka na shekara yana nan ba ka taɓa shi ba. Na faɗa ne kawai don ya faɗo min a rai.

Ka amsa a rubuce, da Hausa. Saƙon muryar da kake turowa rabi Larabci ne, rabi kukan iska. Ban ɓata ƙuruciyata ina koya maka boko a kan littattafan alhazai don ka riƙa ce min "tamam, tamam" ba.

Kawunka,
Na'ibi

*

Amurka
Tsakiyar Fabrairu

Khali Na'ibi,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, alhamdu lillahi, sanyi ne kawai. Yau gashin hancina ya daskare a hanyar aji. Ka gaida Ummi, ka ce ta riƙa shafa maganin gwiwa. Allah ya jiƙan mukayyif.

Labarin izala na gani a waya tun kafin wasiƙarka, amma ban san ya iso layinmu ba. Na karanta, na rufe, na sake buɗewa.

Tunda ka ce in rubuta da Hausa ko mene ne, bari in ba ka labarin nan. Abokin ɗakina Bilal, ɗan Somaliya ne amma a nan aka haife shi, ya ja ni kallon hoki. Ya'ani, khali, ka ɗauki fili ka mai da shi ƙanƙara, ka sa wa mutane takalma masu wuƙa a ƙasa, ka ba kowa sanda, su bi wata 'yar baƙar roba kamar murfin gwangwani. Ni ba na ma ganin robar, in na ji an yi ihu sai in yi. Ɗalibai ba sa zama, a tsaye muke daga farko har ƙarshe. In ƙungiyar jami'armu ta fara ci, wani yana jefa ɗanyen kifi a kan ƙanƙara, kuma duk wanda na tambaya bai san dalili ba. In aka ci golan wancan gefen, duk mu nuna shi da yatsa muna cewa, "Rariya! Rariya! Laifinka ne!" Wani ƙato da ban sani ba ya rungume ni har ya ɗaga ni sama. Ba wanda ya ce ina iƙama, takardar izinin zama, ba wanda ya ce ina asalinka. Rigar makaranta ta isa.

Yanzu mun shiga gasar jami'o'in yankinmu. Za a yi ta a babban birni, tafiyar yini guda a bas, kuma ta faɗa cikin hutun Maris. Bilal ya ce a sa sunana a bas ɗin ɗalibai, na ce ya jira.

Khali, ka tambayar min Ummi. In zo? Abin da ta ce shi zan yi.

Ɗanka,
Mohannad

*

Hindawiyya
Ƙarshen Fabrairu

Mohannad,

Mun ga wasiƙarka, mun gode Allah da lafiyarka da ta hancinka. Mu ma lafiya, sai ƙura. An fara rushe layukan da ke bayan masallaci, komai ka taɓa sai ya bar maka shaida a yatsa.

Na yi nazarin wasan naku da kyau. Na karanta tarihin dauloli da dama, ban ci karo da wadda ta ɗaukaka da jifan kifi ba, amma ilmi ba ya ƙarewa. Kakanninka sun tako daga ƙasar Sakkwato har Mai Wurno da ƙafa, suka zauna bakin kogi, 'ya'yansu suka tsallako teku, duk don jikansu ya tsaya cikin firij yana kiran ɗan mutane rariya. Allah ya karɓi wahalarsu. Abin da ya fi burge ni shi ne Raghad ta nuna min a waya cewa in mutum ya make wani da sanda, sai a zaunar da shi a ɗan ɗakin gilashi ya huta kaɗan, a sake shi ya koma. Da haka shari'a take ko'ina, da akwai mutum biyu a wurin aikinmu da na gama da su tun bara.

Ga amsar tambayarka. Na sami mahaifiyarka tana naɗe kofunan shayi da tsohuwar jarida. Na ce, "Yaron nan yana tambaya, ya zo?" Ba ta ɗago ba. Ta ce, "A bar shi ya yi karatunsa. Ya zo ya ga me, ƙura?" Ka ce abin da ta ce shi za ka yi. To, ga abin da ta ce, ban ƙara ba, ban rage ba.

Sauran labarin gida. Mahaifiyarka ta aiki Raghad kasuwar Bab Makka sayen ƙuli da barkono, ta daka yajin agashe wanda zai ishi walima, alhali likita ya raba ni da yaji, ita kuma Raghad a cewarta yaji na ƙauyawa ne. An ɗaure kayan falo, an ɗaure na kicin, littattafaina suna cikin kwalaye suna kukan zafi. Ɗakin sama kaɗai ba a taɓa ba. Shekaranjiya ta hau can da gwiwar nan tata, tana hutawa a kowace taka, ta canza zanen gado. Raghad ta ce, "Ummi, limin? Wa zai kwana?" Ta ce, "Raghad, ki kama bakinki."

Maƙwabta suna watsewa. Hajiya Ikilima ta koma wajen ɗanta a Bahra. Nuraddeen tela ya kwashe kekensa, ya bar mana almakashi don tunawa, ko kuma ya manta shi.

Kai yaro ne mai hankali, injiniya za ka zama. Ni mai gyaran rubutu ne kawai, aikina in sa alama a gefen shafi.

Kawunka,
Na'ibi

*

Hindawiyya
Cikin Maris

Mohannad,

Da fatan kana lafiya, don ba mu da wata hanyar sani. Mu lafiya.

Ban ga amsa ba. Na ɗauka yatsunka ne suka daskare, ko an zaunar da kai a ɗakin gilashi an manta. An aiko mana cewa za a yanke wuta da ruwa a ƙarshen mako mai zuwa. Motar kaya za ta zo ranar Alhamis. Mahaifiyarka ba ta tambaye ka ba. Sau da yawa a yini takan tambayi Raghad ko wayata tana da caji.

Na'ibi

*

Daga wurin gasa
Juma'a

Khali,

Salam, ina lafiya, muryata ce kawai ta tafi. Ma'alesh, ka yi haƙuri da shirun, jarrabawa muka yi kafin hutu. Ka gaida Ummi da Raghad. Ina fatan ƙaura ta zo da sauƙi.

Tunda Ummi ta ce in zauna, na zauna. Karatu kuma babu a hutu, sai na bi bas.

Khali, da ka gani. Tun daga hanya ake waƙa, 'yan badujalar makaranta suna baya da ƙahoninsu, direba ya yi faɗa ya gaji ya shiga waƙar. Garin ya cika da riguna kala huɗu, kowace jami'a da tata. Ka ga tsoho da tsohuwa sun shafa fenti a fuska, sun ce tun kafin su yi aure suke zuwa, ba su taɓa fashi ba. Tsohuwar ta ga ba ni da hula, ta ciro ɗaya daga jaka, ita ta saƙa da kalar makarantarmu, ta sa min da hannunta ta ja ta har kunne. Ta tambayi sunana, ta maimaita har ta iya, duk lokacin da muka ci sai ta juyo ta kira ni.

An hana shiga da kifi a wannan filin, ana caje kowa a ƙofa. Wani ɗalibi ya ɗaure shi a cinyarsa cikin wando tun safe. Duk layinmu mun san yana nan, hanci ya gaya mana. Da muka ci, ya jefa, 'yan tsaro suka fitar da shi, mutane dubbai suna tafa masa kamar ango.

Ni da Bilal muka nemi wurin salla, wani mai shara ya buɗe mana ɗakin ajiye sanduna, ya tsaya a ƙofa har muka idar.

Mun ci wasan yau a ƙarin lokaci. Gobe na ƙarshe, wanda ya ci shi zai ɗauki kofi. Golanmu yau bango ne, wallahi, ba abin da ya wuce shi sai ɗaya. Ka yi mana addu'a ko da ba ka yarda da kifi ba.

Mohannad

*

Shagga, hawa na huɗu
Asabar

Mohannad,

Madalla da lafiyarka. Allah ya mayar maka da muryarka, tunda kana da inda kake amfani da ita. Mu ma muna da rai. Gwiwar mahaifiyarka ta kumbura, hawa huɗu ba lif.

Ina taya ku murna. Na ji daɗi ƙwarai da aka samu wadda ta rufe maka kunne da hula.

Mun tashi ranar Alhamis. Masu ɗaukar kaya suka gama da ƙasa tun hantsi, suka ce, "Yalla ya hajja, saura sama." Mahaifiyarka ta ce su sha shayi tukuna. Suka sha. Ta ce su ci abinci. Ta gasa agashe a bakin ƙofa a kan garwashi, ta ciyar da su da duk wanda ya rage a layin, da yajin nan da ka san don wa aka daka. Duk motar da ta shigo layi sai ta gyara mayafi. Da la'asar direba ya ce halas, shi zai tafi da kaya ko babu kaya. Sannan ta hau ɗakin sama. Ba ta bar kowa ya bi ta ba. Ita ta naɗe katifarka, ita ta cire taswirar duniyar nan da ka manna a bango, ta sauko da ita a hannu don kada ta karye.

Ni kuwa na buɗe waya jiya na tarar da labarin wanda ya ɓoye kifi a wando.

"Tunda Ummi ta ce in zauna." Laifina ne da na zaci na koya maka Hausa. Haruffa na koya maka, ashe. Kai ɗan fari ne. Uwar da ta tashi a gidan da muka tashi ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta zuba masa ido, balle ta buɗe baki ta ce ina marmarinka, ka zo. Kunya ce, da ita aka haife mu, kakarka har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban wanmu ba, kuma shi ya ɗauki makararta yana kuka kamar yaro. In irin wannan uwa ta ce a bar shi, jariri ma ya san me take nufi. Na ba ka labarin yaji, na ba ka labarin zanen gado. Me ya rage, in zana maka jirgi?

Jidda ta cinye rabin harshenka, ƙanƙara ta cinye sauran. Ba ka jin Hausa, ɗana. Allah ya ba ku kofi.

Na'ibi

*

A bas, hanyar komawa
Lahadi

Khali,

Ina lafiya. Ka ce wa Raghad ta riƙa sa wa Ummi ruwan ɗumi a gwiwa.

Ba mu ɗauki kofi ba. Ana daf da tashi, wani ya bugo robar daga nesa, bugun da ko ni zan tare, ta bi tsakanin ƙafafun golanmu ta shiga. Ɗaliban wancan gefen suka miƙe, duka, suna nuna shi: rariya, rariya, laifinka ne. Abin da muke yi wa na wasu. Ya durƙusa a kan ƙanƙara ya kifa kai, abokansa ma ba su san ta inda za su taɓa shi ba.

Sai wata mata gajera mai furfura ta sauko daga kujeru da gudu, tana ture mutane, ta isa gilashin da ke bayan raga. Ta riƙa dukansa da tafin hannu biyu tana kiran sunansa. Ba sunan da ke bayan rigarsa ba, sunan gida. Uwarsa ce. Filin duka yana zaginsa, ita tana kira, tana kira, kyamara a kanta, ba ruwanta. Har ya ɗago. Bilal ya ga ina hawaye, ya ce, "Haba, wasa ne, akwai baɗi."

Ka ce ba na jin Hausa. Na ji, khali. Na ji yaji, na ji zanen gado, na ji cajin waya. Jakata a haɗe take tun ranar da ka rubuto labarin izala. Jarrabawa ba ita ta hana ni amsa ba, jira nake yi.

Tun ina ƙarami nake jin "Raghad, Raghad" daga safe har dare, ni kuwa "yaron nan", "wancan na sama". Ranar da zan taho, a filin jirgi, ina tsaye gabanta ta ce wa Raghad, "Ki ce masa ya kula da fasfo." Na san kunya ce, ka sha faɗa min. Na san tana sona, a tukunya nake ganewa. Amma a Jidda aka haife ni, uwayen abokaina suna ce musu ya galbi, ya zuciyata, a gaban mutane, ni kuma kullum sai na yi lissafi kafin in san ana nemana. Wannan karon na ce zan tambaya a fili, in ji a fili. Kalma ɗaya, "zo". Daga ita, ko daga kai in ita ba za ta iya ba.

Ban ce na kyauta ba. Ɗakin da Abuya ya gina min ne, ba zan sake ganinsa ba, kuma ni na zaɓa. Amma kada ka ce ban gane ba.

Mohannad

*

Shagga
Daren farko na azumi bai zo ba tukuna, ana duban wata

Mohannad,

Muna lafiya. Kumburin gwiwar mahaifiyarka ya sauka kaɗan. Ba ta fita, don in ta sauka sai ta hau.

An rushe gidan ranar Litinin. Nuraddeen tela ya je ya ɗauko a waya ya turo min. Ɗakin sama ne ya fara tafiya. Ban nuna mata ba, ba ta kuma tambaya ba.

Na yi kwanaki da wasiƙarka ina juya ta, ina neman inda zan sa jan biro, ban samu ba. Jiya bayan la'asar na ce mata yaron nan ya rubuto, in karanta? Ta ce in na ga dama. Tana zaune a kan kwalin da ba mu buɗe ba, tana tsintar shinkafa. Na karanta duka, ban tsallake ko filin jirgi ba. Hannunta bai tsaya ba har na kai ƙarshe.

Ta ce, "Ita matar nan mai dukan gilashi, ɗanta na fari ne?"

Na ce ban sani ba, ba ka faɗa ba.

Ta ce, "Ba na fari ba ne."

Ta tashi da tiren ta shiga kicin. Can na ji tana tambayar Raghad ina aka sa ludayi, Raghad ta ce, "Ummi, fi yaddik, ga shi a hannunki." Ba ta ce in gaya maka komai ba, don haka ba ni da saƙon da zan isar, kuma ba na tsammanin za a samu nan gaba. Haka take, haka za ta koma ga Allah.

Na ce ba ka jin Hausa. Ban yi daidai ba, ka ji sarai. Ni kuwa babu kunya tsakanina da kai, bakina a buɗe yake, shafi biyu-biyu nake cikawa, kuma ban ce ka zo ba.

Kawunka,
Na'ibi